Harshe ko tambari: Me ake saye a kwalbar giyar inabi ta dubban daloli?

A watan Oktoban 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a birnin New York na Amurka, an sayar da kwalba ɗaya tal ta giyar inabi a kan dala 558,000. Kwalbar ta fito ne daga gonar Romanée-Conti da ke yankin Burgundy a Faransa, an kuma tsinki inabinta tun 1945. Abin da ke cikinta bai kai lita guda ba.

Akasarin masu karanta wannan shafi ba ruwansu da giya. Addini ya haramta musu ita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta faɗa a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da jiki. Amma akwai abin dubawa a yadda kwalba take kaiwa irin wannan farashi. A bayan kasuwar akwai wasu mutane ƙalilan da sana'arsu ita ce ɗanɗano. Su kurɓa, su juya a baki, su tofar, sannan su rubuta maki. Wannan makin yana iya azurta mai gona, yana kuma iya durƙusar da shi. Matsalar ita ce, kusan duk lokacin da aka jarraba waɗannan alƙalai su kansu, sai a tarar hukuncinsu bai kai ƙarfin da kasuwa ke ba shi ba.

Yadda aikin yake ba shi da wuyar fahimta. Mai ɗanɗano zai ɗaga kofin gilashi ya dubi launi, ya kaɗa shi, ya shinshina, ya kurɓa. Ba ya haɗiyewa, domin a rana ɗaya yana iya bi ta kan kofuna da dama. Daga nan sai ya siffanta abin da ya ji da kalmomi irin su ƙamshin taba, ko na fata, ko na jiƙaƙƙen dutse. A ƙarshe ya sa lamba. Kalmomin ba kowa ke karanta su ba. Lambar ce ake mannawa a kanti.

Jerin da dillalai suka rubuta

Tun kafin zamanin maki, Faransa ta riga ta tsara wa duniya wane ne babba, wane ne ƙarami. A 1855, lokacin da ake shirin babban baje-koli a Paris, Sarki Napoleon na Uku ya buƙaci a jera giyar yankin Bordeaux bisa daraja. Dillalan kasuwar ne suka yi aikin, kuma ma'aunin da suka fi dogaro da shi shi ne farashin da kowace gona ta saba samu. Suka kasa su aji biyar. Gonaki huɗu suka shiga ajin farko: Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion.

Yau shekara fiye da 160 ke nan, babban sauyi ɗaya kawai aka yi wa jerin. A 1973 aka ɗaga Mouton Rothschild daga aji na biyu zuwa na farko, bayan mai gonar, Baron Philippe de Rothschild, ya shafe shekaru yana kamun ƙafa. A tsawon wannan lokaci gonaki sun sauya hannu, an saya an sayar da filaye, wata annobar ƙwari ta cinye tushen inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19 har sai da aka sake dashe. Duk da haka jerin yana nan daram, kamar saukakken abu.

Ranar da aka rufe sunaye

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta Faransa ta zo ne ranar 24 ga Mayun 1976, a otel ɗin InterContinental da ke Paris. Wani ɗan Birtaniya mai shagon sayar da giyar inabi a birnin, Steven Spurrier, ya shirya wani taron ɗanɗano albarkacin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yanci. Ya gayyato alƙalai Faransawa tara, cikinsu har da masu manyan gidajen abinci da shugabannin hukumomin giya da editar wata shahararriyar mujalla. Ya jera musu giyar Kalifoniya, wadda a lokacin Turawa ke yi wa kallon ta 'yan koyo, tare da manyan sunayen Bordeaux da Burgundy. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ba wanda zai ga sunan abin da ke cikin kofinsa.

Spurrier kansa kayan Faransa yake sayarwa, kuma bai yi tsammanin za a kayar da su ba. Da aka tattara maki, a ɓangaren farar giya Chateau Montelena ta 1973 daga kwarin Napa ce ta zo ta ɗaya. A ɓangaren ja kuma Stag's Leap Wine Cellars ta 1973, ita ma daga Napa, ta sha gaban Mouton Rothschild da Haut-Brion. Wato gonar da aka ɗaga zuwa ajin farko shekara uku kacal kafin nan ta sha kaye a hannun wata gona sabuwa fil.

Odette Kahn, editar mujallar La Revue du vin de France, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida ɗaya ne kawai ya halarci taron, George Taber na mujallar Time, kuma ɗan gajeren rahotonsa ne ya kai labarin duniya. Jaridun Faransa suka yi kamar ba su ji ba. Shi kuwa Spurrier, an daɗe ana juya masa baya a wasu gonaki. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Yau kwalaben da suka yi nasara suna ajiye a gidan tarihin Smithsonian a Washington.

Amurkawa suna son ba da wannan labari a matsayin hujjar cewa tasu ta fi. Wannan karatu ne na son rai. Tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu a jar giyar ba ta kai rabin maki ba cikin 20, kuma alƙalan sun saɓa wa juna sosai: abin da wani ya ɗora a sama, wani ya jefa shi ƙasa. Abin da taron ya nuna a zahiri shi ne, da zarar an cire suna, manyan masanan Faransa ba sa iya rabe tasu da ta baƙi da tabbaci. Wannan ya fi shan kaye ciwo, domin a kan wannan bambanci aka gina farashin.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A Berlin a 2004, giyar ƙasar Chile guda biyu, Viñedo Chadwick da Seña, suka zo na ɗaya da na biyu a gaban Lafite da Margaux. A 2011 wata giya daga yankin Ningxia na China ta lashe babbar lambar mujallar Decanter a Landan. Da aka maimaita gasar Paris a 2006, bayan shekara 30, Kalifoniya ta kwashe matsayi biyar na farko.

Lauyan da ya zama sarki

Idan taron Paris ya karya wani gunki, bai ɗauki lokaci ba aka sassaƙa wani. A 1978 wani lauya daga jihar Maryland, Robert Parker, ya fara buga wata 'yar mujalla da daga baya aka sani da The Wine Advocate. Niyyarsa mai kyau ce. Ya ƙi karɓar talla, ya ce zai tsaya wa mai saye, ba mai sayarwa ba. Ya kuma ɗauko tsarin makin makarantun Amurka, daga 50 zuwa 100, wanda kowa zai gane ba sai an yi masa fassara ba.

Sunansa ya fito ne lokacin da ya yaba wa amfanin Bordeaux na 1982 tun da wuri, alhali wasu manyan masu sharhi suna ɗari-ɗari da shi. Kasuwa ta bi bayansa. Daga nan har kusan shekara 30, babu harshen da ya kai nasa tsada a duniya. An ruwaito cewa ya yi wa hancinsa inshorar dala miliyan ɗaya. Giyar da ya ba 100 sai farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Wadda ta tsaya a 89 kuwa sai ta yi kwantai, duk da cewa babu harshen ɗan Adam da zai iya rantsuwa a kan bambancin 89 da 90.

Illar ta bayyana a gona. Parker ya fi son giya mai kauri, mai ƙarfi, wadda inabinta ya nuna sosai, ta kuma ɗauki ƙamshin sabuwar gangar katako. Masu gonaki daga Faransa zuwa Sifaniya zuwa Ajantina suka fara jinkirta girbi, suna sayen sababbin ganguna, suna ɗaukar masu ba da shawara da suka san abin da ke burge shi. Masu suka suka ce giyar ƙasashe daban-daban ta koma ɗanɗano ɗaya. Fim ɗin Mondovino na 2004 a kan wannan koke aka gina shi.

A shekarar ce kuma aka ga wani abin da ya isa ya sa kowa ya yi hattara da maki. Parker ya ba Château Pavie ta 2003 makin da ya kusa 100. Jancis Robinson, fitacciyar mai sharhi ta Birtaniya, ta ɗanɗana giyar nan, ta ba ta 12 cikin 20, ta kuma yi mata kaca-kaca. Dukansu ƙwararru ne, babu wanda za a ce bai san aikinsa ba. Abincin wani dai gubar wani. Sai dai lamba ba ta nuna wa mai saye cewa ra'ayi ne. Kama take yi da sakamakon awo.

Parker ya yi ritaya a 2019, mujallarsa kuma ta koma hannun kamfanin Michelin. Tsarin makinsa na nan, kowa ya ara.

Da aka jarraba alƙalan

A 2001, a Jami'ar Bordeaux, wani mai bincike, Frédéric Brochet, ya ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giyar inabi kofuna biyu, ɗaya fara, ɗaya ja. Suka siffanta jar da kalmomin da aka saba siffanta ja da su. Ashe farar ce aka ɗiga wa rini marar ƙamshi. Ido ya riga hanci yanke hukunci.

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne na Robert Hodgson, wani malamin jami'a mai ritaya wanda ke da ƙaramar gonar inabi a Kalifoniya. Abin da ya dame shi shi ne, giyarsa ɗaya sai ta ci lambar zinare a wannan gasa, a waccan kuma ko kallo ba ta samu ba. Sai ya roƙi masu shirya gasar baje-kolin jihar Kalifoniya su bar shi ya gwada alƙalansu. Daga 2005, aka riƙa zuba wa kowane alƙali giya ɗaya, daga kwalba ɗaya, har sau uku a cikin jerin kofunan da ke gabansa, ba tare da ya sani ba. Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna kusan alƙali ɗaya cikin goma ne kawai ya iya ba kofunan uku maki masu kusanci da juna. Wasu sun ba giya ɗaya zinare a wani kofi, suka ba ta tagulla kawai a wani kofin. Abin da ya fi muni, alƙalin da ya yi daidai bana ba lallai ya maimaita baɗi ba.

Hodgson bai tsaya nan ba. Ya bi diddigin gasa 13 a Amurka. Cikin giyar da aka shigar gasa da yawa, kashi 47 cikin 100 sun ci zinare a wani wuri, amma kashi 84 cikin 100 na waɗannan ɗin sun tashi a tutar babu a wata gasar. A taƙaice, mai gonar da ke da kuɗin shiga gasa da yawa, zinare na nan tafe.

Farashi ma yana shiga baki. A 2008 masu bincike daga jami'o'in Caltech da Stanford sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya ɗaya sau biyu. Sau ɗaya aka ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Ba faɗa kawai suka yi cewa mai tsadar ta fi daɗi ba. Sashen ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsawa. Wato ba ƙarya suke yi ba, daɗin suke ji da gaske. Duk wanda ya taɓa ganin yadda shadda ke ƙara kyau a idon mai saye da zarar an nuna masa hatimin kamfani a bakin yadi, ya san wannan hali.

A shekarar dai, marubuci Robin Goldstein ya ƙirƙiri wani gidan abinci na bogi a Milan, ya yi masa shafin intanet da lambar waya, ya biya dala 250, ya aika wa mujallar Wine Spectator jerin giyar da wai ake sayarwa a can. A cikin jerin har da waɗanda mujallar da kanta ta taɓa kushewa. Gidan abincin da babu shi ya samu lambar yabo.

Ɗakin girkin Rudy

Duk waɗannan gwaje-gwaje ne. Wanda ya mayar da raunin kuɗi shi ne Rudy Kurniawan, wani matashi ɗan Indonesiya da ya bayyana a gwanjon Amurka a farkon shekarun 2000. Yana kashe kuɗi kamar ba gobe, yana shayar da attajirai tsofaffin kwalabe, kowa kuma ya shaida harshensa na da kaifi. A 2006 kaɗai, a gwanjo biyu, an sayar da kayansa na kusan dala miliyan 35.

A gidansa da ke Arcadia, kusa da Los Angeles, yake haɗa kayan. Ya samo tsofaffin kwalabe, ya gauraya giya mai sauƙin kuɗi har ta yi kama da wadda yake kwaikwayo, ya buga takardar suna, ya tsufar da ita, ya toshe. Manyan masu tara giya suka sha, suka yaba, suka rubuta sharhi.

Ba harshe ne ya kama shi ba, lissafin shekaru ne. A 2008 aka sa wasu kwalabensa a gwanjo da sunan Clos Saint-Denis na gonar Ponsot, masu ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971. Mai gonar, Laurent Ponsot, ya san gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. Ya hau jirgi zuwa New York, ya sa aka janye su. Hukumar FBI ta kama Kurniawan a watan Maris na 2012, kotu ta ɗaure shi shekara 10, aka tasa ƙeyarsa daga Amurka a 2021. Kwalabensa da dama har yanzu ana kyautata zaton suna kwance a rumbunan attajirai, kuma wanda ya biya dubban daloli ba ya gaggawar a tabbatar masa jabu ya saya.

Ba duka ne shirme ba

Adalci ne a faɗi cewa horo yana aiki. Ƙwararren mai ɗanɗano yana gane giyar da ta lalace, yana jin warin gurɓatacciyar toshiya ko da sinadarin da ke jawo shi ɗan mitsitsi ne, sau da yawa kuma yana iya faɗin nau'in inabi da yankin da ya fito. Jami'o'in Oxford da Cambridge suna gasar wannan tun 1953. Masu riƙe da lambar Master of Wine a duk duniya ba su wuce ɗari huɗu da 'yan kai ba, saboda tsananin jarrabawar. Ko a binciken da Goldstein da abokansa suka yi a kan ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi ba tare da ganin suna ba, an ga bambanci: talakawan masu sha sun ɗan fi son mai araha, masu horo kuwa sun ɗan karkata ga mai tsada.

Amma gane abu daban, auna darajarsa daban. Mutum zai iya sanin wannan daga Burgundy take, wannan daga Chile, ba tare da hakan ya ba shi ikon cewa ɗaya 94 ce, ɗaya 91 ba. A nan ne sana'ar take wuce gona da iri, kuma manyan gonaki sun san haka. Kowace bazara, lokacin da masu sharhi ke tururuwa zuwa Bordeaux don ɗanɗana sabon amfani tun yana cikin ganga, gonakin ajin farko ba sa aika nasu a jera shi da na kowa a rufe. Sai dai mai sharhi ya nemi izini, ya je har gida, ya sha abin da aka ɗebo masa, a ƙarƙashin rufin mai kayan. Bayan makin ya fito ne ake yanka farashi.

Wanda ke biyan kuɗin wannan tsari shi ne wanda ba shi da suna. Aljeriya ta san haka. Zuwa shekarun 1950, ita ce ƙasar da ta fi kowace fitar da giyar inabi a duniya. Kusan duka Faransa ake kai ta, inda ake gauraya ta da ta gida domin ƙara mata launi da ƙarfi. Masu sha sun daɗe suna jin daɗin inabin Afirka ta Arewa da sunan wata ƙasa. Bayan 'yancin kai a 1962, Faransa ta janye daga saye, gonakin suka durƙushe, domin ba a taɓa gina musu suna nasu ba.

Ko a cikin Bordeaux ɗin ma haka abin yake. Shan giyar inabi a duniya ya faɗi a 2024 zuwa matakin da ba a gani ba tun 1961. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 domin a mayar da rarar da ta yi kwantai sinadarin masana'antu, ana kuma biyan ƙananan manoma su tumɓuke inabinsu. 'Yan kilomitoci kaɗan daga gonakin da ake tumɓukewa, waɗanda dillalai suka rubuta sunayensu a 1855 suna sayar da kwalba ɗaya a kan ɗaruruwan Yuro.

Gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Duk mai wallafa maki ya faɗa ko ya ga sunan kwalbar kafin ya sha, ya faɗi wanda ya biya kuɗin tafiyarsa. Duk gasar da ke raba lambobi ta riƙa sako wa alƙalanta kofi ɗaya sau biyu ko uku, kamar yadda Hodgson ya yi, ta sallami wanda ya kasa, ta kuma bayyana kashi nawa na waɗanda suka biya kuɗin shiga ne suka tafi gida da lamba.

Batun kuma ya wuce giya. Irin wannan ma'auni na maki 100 ake amfani da shi a kasuwar gahawa, inda buhun da ya kai 80 ke shiga ajin na musamman, wanda ya gaza kuma a sayar da shi a farashin gama-gari. Manomin gahawa a Habasha ko Ruwanda bai taɓa jin sunan Robert Parker ba, amma kuɗin makarantar 'ya'yansa na iya rataya a kan maki ɗaya ko biyu da wani ya rubuta bayan ya kurɓa ya tofar.